Yadda Ake Rubuta Wasan Rediyo na Binciken Sata a Bankin Ƙaramin Gari

Ɗan fashi da hayaniyarsa yake zuwa. Bindiga ta tashi, mata su yi kururuwa, mota ta figa da gudu. Marubucin rediyo ba ya shan wahala da shi, don kunne na kama duk wannan. Wanda ke ba shi ciwon kai shi ne kashiyan nan mai fara'a da ke zaune bayan kanta, shekara goma yana ɗebe kuɗin mutane da bakin alƙalami. Satarsa ba ta da ƙara, rediyo kuwa bai san komai ba sai ƙara. Marubutan Amurka sun sha kokawa da wannan tun shekarun 1930 har zuwa 1962, lokacin da wasan bincike ke tara iyali a gindin akwatin rediyo bayan cin abincin dare. Duk mai son rubuta irinsa da Hausa, ko don gidan rediyo ko don ɗorawa a YouTube, ga hanyar da zai bi.

Mataki na farko: ka san zamanin da kake ciki

Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe a Amurka, mafi yawansu ƙanana ne na karkara. A watan Maris na 1933 sai da Shugaba Roosevelt ya rufe dukkan bankunan ƙasar na 'yan kwanaki don tarzomar cire kuɗi ta lafa. A shekarar aka kafa hukumar FDIC mai inshorar ajiyar jama'a, wadda ta fara da lamunin dala 2,500 ga kowane mai ajiya, ya kai 10,000 a 1950. Wato masu sauraron wancan lokaci sun ga yadda gumin iyayensu ya narke a dare ɗaya. In aka ce musu kuɗi sun yi ƙafa a banki, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Bankin da za ka gina ƙarami ne: manaja, kashiya, akawu ɗaya ko biyu, sai mai shara. Babu kwamfuta. Kowane mai ajiya yana da ɗan littafinsa da yake zuwa da shi, bankin kuma yana da babban littafin lissafi da ake cikawa da hannu ko da injin lissafi. Tsakanin waɗannan littattafai biyu labarinka zai kwana.

Mataki na biyu: ka yi satar da kanka, a takarda

Nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Sukan rubuta "an wawure kuɗi" su wuce, alhali ba su san ta inda kuɗin suka bi ba. Idan kai ba ka sani ba, mai bincikenka ma ba zai sani ba, sai ka ƙare da ɓarawon da ya fashe da kuka ya tona kansa haka kawai. Ka zauna da biro da takarda ka zaɓi hanya ɗaya daga cikin waɗanda ma'aikatan banki na gaske suka bi.

Akwai ta tona rami don cike rami. Manomi ya kawo dala 200 ranar Litinin, kashiya ya rubuta masa a littafinsa, ya zura kuɗin a aljihu. Ranar Laraba mai kantin magani ya kawo 300, sai ya ɗauki 200 ya cike gurbin manomi. Ranar Juma'a ya cike na mai magani da na wani. Kullum akwai rami guda a buɗe, kuma kullum ƙara faɗi yake. Akwai ta asusun da ya yi barci: tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata dala 4,000, ba ta taɓa cire ko sisi ba, ba ta kuma taɓa neman a nuna mata babban littafi ba. Littafinta na cewa 4,000, na banki na cewa 600. Sai ta uku, wadda ta fi dacewa da manaja: bashin bogi da sunan mutumin da ya mutu ko ya bar gari, ana biyan ɗan ruwansa a kan kari don kada mai duba littattafai ya ɗaga gira.

Ni na fi son ta biyu, don tana da fuska. Mai sauraro ba ya jin tausayin lamba, amma zai ji na tsohuwar da ke kawo wa kashiya biredin da ta gasa duk ƙarshen mako. Kowace ka zaɓa, ka rubuta shekarar da aka fara, nawa ake ɗauka, ina kuɗin ke tafiya, da abin da ya sa asiri ya tashi tonuwa a wannan makon ba bara ba. Kashi ɗaya cikin goma na wannan lissafi ne zai shiga wasan, sauran naka ne.

Mataki na uku: ka zaɓi ɓarawon da gari ke gaisarwa

Masanin laifuka Donald Cressey ya yi hira da fursunonin da suka ci amanar kuɗi, ya fitar da sakamakon a 1953. Abin da ya gano abu uku ne: mutum yana da matsalar kuɗi da kunya ta hana shi faɗa wa kowa, yana da mabuɗi a hannu, kuma ya lallashi zuciyarsa cewa aro yake yi, zai mayar. Ka ba ɓarawonka duka ukun. Wataƙila ɗansa ne ya ci bashin caca a birni, wataƙila shi ne ya zuba kuɗi a hannun jari suka nutse. Kada ka sa shi mugu. Shi ne ma'ajin majami'a, shi ake kira ya raba gardama. Da ɗan gari kan ci gari, kuma abin da zai sa kowa ya tare wa mai bincike hanya ke nan.

Ga kyautar da sana'ar banki ta ba ka a ɓagas: mai irin wannan sata ba ya iya tafiya hutu. Ranar da wani ya zauna a kujerarsa, ranar lissafi zai ƙi haɗuwa. Shi ya sa har yau ake shawartar bankuna su tilasta wa ma'aikaci hutun mako biyu a jere. To ka sa wani ya faɗi wannan a matsayin yabo tun a minti na uku: "Bawan Allah, shekara goma sha ɗaya ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fitowa aiki ba." Mai sauraro zai ji, ya gyaɗa kai, ya manta.

Mataki na huɗu: ka ba satar sauti

Wannan ne ƙashin bayan aikin. Dole a sami shaida ɗaya da kunne zai kama ba tare da an nuna masa ba. Ga misali. A bankinka duk wanda ya kawo ajiya, kashiya na buga hatimi sau biyu: ɗaya a littafin mai kuɗi, ɗaya a takardar da za ta tafi wurin akawu. Dum, dum. Ka bari a ji haka sau biyu ko uku yayin da mai bincike ke jiran manaja, ana ta hirar ruwan sama da farashin masara. Sai tsohuwa ta iso.

TSOHUWA: Ɗan nan, ga 'yan kuɗin ƙwai, dala goma sha biyu.
KASHIYA: Sannu da zuwa, Iya. Ya ƙafar?
TSOHUWA: Da sauƙi. Sanyin nan ne dai.
(Hatimi: sau ɗaya. Aljihun tebur ya rufe.)
KASHIYA: Ga littafinki, Iya. A sauka lafiya.

Kada kowa ya ce komai a kai. A minti na ashirin, mai bincike na kwance a masauki ya kasa barci, sai ka dawo da sautin cikin tunaninsa: dum, dum. Dum, dum. Dum. Wanda ya lura tun farko zai daki cinya, wanda bai lura ba zai ji haushin kansa, ba haushinka ba, don ba ka ɓoye masa komai ba.

Mataki na biyar: ka kawo baƙo

Mai binciken ya zama baƙo ne da ya sauka daga jirgin ƙasa, don baƙo ke da hujjar tambayar abin da kowa ya sani. Bankuna na yin inshorar ha'incin ma'aikata, saboda haka kamfanin inshora na da dalilin turo mutum. Haka shirin Yours Truly, Johnny Dollar na gidan rediyon CBS ya yi daga 1949 zuwa 1962: jarumin mai binciken inshora ne daga garin Hartford, yana ba da labarin ta hanyar karanto kuɗin da ya kashe a tafiyar, abu bayan abu. Kada ka kwafe dabarar, amma ka lura da amfaninta: ta ba shi damar yi wa mai sauraro magana kai tsaye, ya tsallake kwana biyu da jimla ɗaya.

Ka ajiye masa wanda za a zarga a banza, kamar matashin akawun da ya sayi sabuwar mota. Muryoyi kada su wuce uku a fage ɗaya, kuma su bambanta sosai: mai kauri, mai siriri, mai in'ina. A riƙa kiran suna ko muƙami a kai a kai, in ba haka ba mai sauraro zai rasa wa ke magana.

Mataki na shida: ka auna lokaci

Shirin rabin awa ne, talla da kiɗa za su ci kusan minti biyar. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne. Ka tsayar da rabin farko a kan abin da zai hana mutum murɗa tasha, misali an kama matashin akawu. Fagen tonon asiri kuwa a yi shi cikin banki bayan an tashi, mutum biyu kawai, agogon bango na bugawa. Ba a bukatar bindiga. Mai bincike ya ajiye littafin tsohuwa kusa da babban littafi, ya ce, "Yallaɓai, karanta mini wannan, sannan ka karanta mini wancan." Ka bar shirun ya yi daƙiƙa huɗu cif kafin kashiya ya buɗe baki.

Mataki na bakwai: ka gwada shi a duhu

Kayan sautin ba su da tsada. Masu wancan zamani da ledar sigari suke yin ƙarar wuta, da ɓawon kwakwa suke yin kofaton doki. Kai hatimin roba, tsohon agogo, ƙofa mai ƙara da tsabar kuɗi a faranti sun ishe ka. Ka naɗa a waya, ka tara mutum biyar da ba su ga rubutun ba, ka kashe fitila. A minti na goma sha takwas ka tsayar, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In duka biyar sun ce kashiya, ka rage "dum, dum" ɗin da ake ji yayin jiran manaja zuwa sau biyu kacal, ka ƙara surutu a kansa. In babu ko ɗaya, ka matso da hatimin kusa da makirufo ka sake naɗa fagen tsohuwa.