Yadda zaka horar da ɗalibi ya iya duba yaron da bakinsa bai buɗe ba

Wannan na abokan aiki ne da ake turo musu ɗalibai su koyi aikin gyaran magana, musamman mu nan Kano da ba mu da yawa, yaran kuma kullum ƙaruwa suke. Tsarin da nake bi ne in aka bani ɗalibi na 'yan watanni, wanda yaga da gyara sai ya gyara.

Satin farko bana barinsa ya yi wa kowa tambaya. Ya samu kujera a gefe da biro da takarda, ya rubuta duk abin da yaro ya faɗa yadda ya faɗe shi ɗin. Zaka ɗauka abu ne mai sauƙi, wallahi da wuya, don kunnen babba shi da kansa yake gyara maganar yara, yaro ya ce "tale" kai kuma kaga hoton kare a gabansa sai hannunka ya rubuta "kare" ba ka ma sani ba. In an tashi sai mu haɗa takardata da tasa. Ranar da suka fara zuwa ɗaya, to kunnensa ya fara aiki.

Daga nan sai ɗaukar tarihi, kuma anan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe don abin da aka koya musu a aji bai san alkunya ba. In ɗan fari ne uwar ba zata kama sunansa ba, wata ma sai ta riƙa amsawa a gajarce kamar ba ruwanta da shi, ɗalibi sai ya rubuta wai uwa bata damu ba, alhali ita ce bata barci saboda shi. Ka koya masa ya juya wajen kaka ko gwaggon da ta rako su, ya gaishe ta da kyau, "Hajiya ina kwana, ya mai jiki", ita zata zazzage masa labari tun daga ranar suna. Abin da yake nema: yaron ya yi kuka da aka haife shi ko sai da aka sha fama? Ya yi shawara a satin farko har idonsa ya koma rawaya? Ya taɓa sanƙarau, ƙyanda, ko zazzaɓi mai jijjiga? Kunnensa yana zubar da ruwa? An taɓa masa allurai masu yawa yana jariri, irin su gentamicin da ke iya taɓa ji? Duk wanda ya san annobar sanƙarau ta 1996 a garin nan ya san yawan waɗanda suka tashi da kurumta, don haka tambayar nan ba a tsallake ta.

Sai ya haddace ma'aunin girma kamar karatun allo. Wajen wata 6 gwalan-gwalan na "bababa", wajen shekara 1 kalmar farko, shekara 2 kalmomi kamar 50 da haɗa biyu irin "Umma ruwa", shekara 4 baƙo ma ya gane kusan duk abin da yake faɗa. Za'a ce masa "ai babansa ma sai da ya shekara huɗu", ya saurara da ladabi amma ya ci gaba da aikinsa.

Dokata guda ɗaya da bana sassautawa: ba a fara gyaran magana sai an auna ji. Uwa zata rantse yana ji, "in na kira shi yana juyowa", kuma gaskiya ta faɗa, sai dai yaro yana iya jin bugun ƙofa da hon ɗin adaidaita sahu amma s da sh da ts basa isa kunnensa, ga shi yaran da basa ji sosai idonsu kamar na shaho, inuwarka kawai ya gani zai juyo. Tafi a bayan kunne ba gwaji ba ne. A rubuta masa takarda zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Asibitin Malam Aminu Kano akwai, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, a dawo da sakamako a hannu.

Duba baki kuma tocila da ɗan katakon danne harshe sun isa. Ya kalli leɓe, haƙora, ganɗa ko akwai tsaga, ya saurara ko magana tana fita ta hanci. Da yawa kafin su zo wajenmu sun biya ta wajen wanzami an cire beli ko an yanke linzamin ƙarƙashin harshe. Kada ɗalibi ya yi musu faɗa, abin ya riga ya wuce, in ya kunyata su ba zasu dawo ba. Amma ya sani a ransa linzami baya hana yaro samun kalmomi, iyakarsa ya dagula wasu haruffa, yaron da baya cewa komai matsalarsa tana wani wajen.

Yanzu gwajin kansa. Yawancin katunan gwaji daga Amurka ko Ingila suka zo, an auna su akan yaran can, hoton dusar ƙanƙara da bahon wanka, yaron Kurna ko Ɗorayi ya kalla ya yi shiru a ce bai san kalma ba. Ni sai in sa ɗalibi ya haɗa nasa da wayarsa: buta, tabarma, akuya, ƙosai, tsintsiya, ludayi. Ya tabbatar ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y duk sun fito, ya nemo tagwayen kalmomi irin kaya da ƙaya, bata da ɓata, gari na zama da garin tuwo don ya ji ko yaron yana riƙe tsawon wasali. Ya kuma bambance tsamin baki da karin harshe, yaron da iyayensa Sakkwatawa ne in ya ce "hwara" maimakon fara ba ciwo ba ne, haka ake faɗa a gidansu. Jin Hausa a gida, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya shima baya jawo jinkirin magana, kar ya ce a hana yaro ko ɗaya.

In'ina tana yawan farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, maza sun fi yi, mafi yawa kuma tana barinsu. Aikin ɗalibi anan ya hana duka da tsawa da ƙarasa wa yaro magana, har malamin makarantar allo a aika masa saƙo cikin girmamawa.

Wajen magani, buri ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma ɗalibi ya gane minti 30 a sati ba zai yi komai ba in uwa bata ɗauka ba, ga kuɗin mota daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ba kowa ke iya biya duk sati ba. Ya yi atisayen sau ɗaya, ya miƙa wa uwar ta yi a gabansa, ya gyara mata, ta tafi ta riƙa yi lokacin wanka da cin abinci, in da hali ta turo bidiyo ta WhatsApp. In kuwa kurumta ce mai tsanani, ya faɗa wa iyaye gaskiya da wuri, ya yi musu bayanin na'urar ji, ya nuna musu maganar hannu harshe ce cikakkiya da kuramen Kano suka daɗe suna yi, ya kwatanta musu makarantar Tudun Maliki.

Bana barin ɗalibi shi kaɗai da mara lafiya sai ya iya rubuta rahoton shafi ɗaya, sannan ya maimaita shi da baki ga kaka cikin Hausar da zata kai gida ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. In ya gama karatu kuma ka tuna masa ya yi rijista da hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa, ita ke bada lasisin wannan aikin a Najeriya, kafin ya buga kati ya fara karɓar kuɗin mutane.