Gaɓa ko jirgi: kurakuran ɗan Yamai a nutsonsa na farko a teku

Mu mutanen Yamai ba mu da teku. Ruwanmu kogin Kwara ne, shi kuwa da damina ja yake, ba ka ganin tafin hannunka a ciki, ga dorina ta wajen Ayoru, ga tsargiya. Saboda haka duk wanda sha'awar nutso da tukunyar iska ta kama, dole ya yi tafiya: Dakar, ko Masar a bakin Bahar Maliya, ko Jidda ga wanda aiki ya kai shi can. Da ya isa, tambayar da za a fara yi masa ita ce: daga gaɓa za ka shiga, ko jirgi za ka bi? Na ga ƴan'uwanmu da dama sun amsa cikin gaggawa, kuma kuskurensu kusan iri ɗaya ne.

Wanda na fi gani shi ne zaɓe da aljihu ko da girman kai. Mai tattali ya ce gaɓa ta fi araha, mai son a gan shi ya ce jirgi ne na manya. Babu wanda ya tambayi yadda ruwan yake a ranar. Gaɓa ta fi araha, gaskiya ne, domin babu kuɗin mai, babu na matuƙi. Amma abin da ya kamata sabon hannu ya tambaya shi ne zurfin wurin, ƙarfin jan ruwa, girman igiya, da nisan da ido ke kaiwa a ƙarƙashi. Malamin nutso na kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan ka ga ya ƙosa da su, nemi wani.

Daga nan sai zaton cewa duk gaɓa sauƙi ce. Wannan ya fi kama mutanenmu, domin tekun da muka fi sani shi ne na Kwatano da Lome, inda fatauci ke kai mu. Wannan gaɓa ba wurin koyo ba ce ko kaɗan. Igiya tana dukan yashi da ƙarfi, ruwan da ke komawa yana jan mutum zuwa ciki, har gwanayen iyo suna halaka a wurin. Ka ƙara wa mutum kaya na kilo 20 ko fiye a baya, tukunya da ɗamarar dalma, ka ce ya ratsa wannan igiya da ƙafa? Gaɓar da ta dace da mai koyo ita ce wadda ke cikin lungu, ruwa a kwance, ƙasa tana gangarawa a hankali. Irinta ce ta sa garin Dahab na Masar ya yi suna: kana tafiya da ƙafarka daga bakin hanya, ruwa ya kai maka gwiwa, ya kai ƙugu, ka durƙusa a kan yashi a zurfin mita 2 ko 3, ka saba da numfashi ta baki kafin a gangara. A ganina, ga wanda ya tashi bai san teku ba, babu abin da ya kai wannan. Tsoro yana raguwa idan ka san miƙewa kawai za ka yi kanka ya fito.

Sai dai ko a Dahab ɗin akwai tarko. Ramin nan da ake kira Blue Hole daga gaɓa ake shigarsa, amma zurfinsa ya kai kusan mita 100, kuma ƙofar dutsen da ke cikinsa tana wajen mita 55. Ta ci rayukan masu nutso da yawa, ciki har da ƙwararru. Takardar shaida ta farko ta PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, mita 18 ta yarje maka, ta tsarin Faransa kuma mita 20, tare da jagora. Wannan iyaka tana nan ko da ƙafa ka shiga ko da jirgi.

Shiga daga gaɓa tana da ƴan dabaru da ake mantawa. Kada ka sa takalman iyo tun a kan tudu kana tafiya da su. Riƙe su a hannu, sai ruwa ya kai ƙugu ka sa, kana dafe da kafaɗar abokin nutsonka. Sa takalmin roba mai tafi, saboda ƙayar bushiyar teku da kaifin murjani. Hura iska a rigarka ta nutso, wadda ke riƙe ka a saman ruwa, tun kafin ka taka ruwa. Kuma kafin ka nutse, juya ka dubi tudu ka riƙe alama, gini ko dutse, domin daga cikin ruwa duk gaɓa kama ɗaya take. Babban kuskure a nan shi ne mantawa da dawowa. A jirgi, idan ka fito da nisa, za a zo a ɗauke ka. A gaɓa kuwa ƙafarka da iskarka ne za su mayar da kai. Ana cika tukunya zuwa bar 200, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iskar da ke cikinta. Ka juyo tun kana da fiye da rabi, ka fito da bar 50 a ajiye. Fara tafiyar kana fuskantar jan ruwa, don ya turo ka gida lokacin da ka gaji.

Jirgi fa? Yana da nasa alheri, ba na raina shi. Ba ka ɗaukar kaya mai nisa, akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin da ya san aikinsa, akwai mai tsaro a sama yana ƙirga mutane. A Hurgada ta Masar da Dakar yawancin wurare masu kyau sai da jirgi. Amma abin da ɗan Sahel bai yi tsammani ba shi ne jiri da tashin zuciya. Kwalekwalen kogi ba ya koya maka wannan. Na taɓa ganin wani matashi da muka tashi tare daga Yamai, ya yi amai tun kafin a isa, jikinsa ya mutu, amma saboda ya biya kuɗi kuma yana jin kunyar mutane, ya ce zai shiga. Malamin ya hana shi, kuma ya yi daidai. Wanda amai ya zubar masa da ruwan jiki, hankalinsa a rabe, bai kamata ya nutse ba. Gyaran mai sauƙi ne: ci abinci mara maiƙo, zauna tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, kafa ido a kan inda teku ta haɗu da sama. Idan za ka sha maganin jiri, gwada shi kwana ɗaya kafin ranar, domin wasu suna sa barci.

Ɗaya matsalar jirgi ita ce matsin taro. Kowa ya faɗa ruwa, kai kaɗai ake jira, sai ka yi sauri ka tsallake duba kaya, ko ka gangara kunnenka bai buɗe ba. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara nauyi daidai da na duk iskar da ke kanmu, kuma canjin ya fi tsanani a mitocin farko. Toshe hanci ka hura a hankali tun daga sama, ka riƙa maimaitawa. Idan kunne ya yi zafi, hau kaɗan, kada ka tilasta. Riƙe igiyar jirgi ka sauka da ita. A hawa kuma kada ka taɓa riƙe numfashi, domin iskar huhu tana kumbura. Hau sannu, ka tsaya minti 3 a mita 5. Tambayi inda jirgin zai je tun kafin ka biya. Idan aka ce Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a 1941, ka sani yana kwance a kusan mita 30 cikin jan ruwa, sai ka ƙara ilimi.

Akwai kurakurai biyu da suka shafe mu musamman, ko ta ina ka shiga. Na farko, ɓoye ciwo a takardar lafiya da ake cikewa. Amosanin jini, wato sikila, yana da yawa a cikinmu, kuma mai shi bai kamata ya yi nutso ba. Mai fuka, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, duk sai likita ya duba. Mace mai ciki ta dakata. Mai azumi ma ya bari sai bayan salla, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar iska a jini.

Na biyu, jirgin sama. Mu dole ta sama za mu koma gida, kuma mutum yana so ya ci moriyar kuɗinsa har ranar ƙarshe. Iskar naitirojin da jiki ya sha a ƙarƙashin ruwa tana buƙatar lokaci ta fita, idan ka hau sama kafin nan tana iya zama kumfa a jini. Bayan nutso ɗaya, jira aƙalla awa 12. Bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, aƙalla awa 18, ni dai kwana ɗaya cur nake bari. Hawan dutse ma haka yake: wanda ya yi nutso a Dahab da rana kada ya bi masu hawan Dutsen Sina'i da dare, tsayinsa ya wuce mita 2,200. Idan ciwon kumfar iskar ya tashi bayan ka sauka a Yamai, ciwon gaɓoɓi ko mutuwar hannu ko jiri, maganinsa ɗakin matsin iska ne, inda ake sa mai ciwon a ƙara masa matsi kamar yana ƙarƙashin ruwa, kuma ka riga ka baro shi a bakin teku. Tun kana sayen tikitin dawowa ka ware wannan rana.