Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗaura Ƙarfe a Kan Tirayazol, da Yadda Ake Gyara Su

Hodar farko da na haɗa da niyyar ɗaura mata faladiyam fara ce a ido, amma in ka ɗaga kwalbar ka kai ta jikin taga, sai ka hango wani kore-kore a gefe. Na ce ai ba komai. Sati uku na yi ina zargin gishirin faladiyam, ina zargin ruwan narkarwa, har na'urar NMR ma, mai nuna tsarin sinadari ta hanyar layuka, sai da na zarga, don layukan da ya kamata su fito siri-siri sun fito a baje kamar an murje su da yatsa. Ashe jan ƙarfen da na yi amfani da shi wajen haɗa tirayazol ɗin ne bai fita ba. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya zo mini da kukan cewa ƙarfensa ya ƙi kamawa, ba ƙarfen nake fara dubawa ba. Baya nake komawa.

Ga wanda bai saba da fannin ba: tirayazol zobe ne mai atom biyar, uku naitirojin, biyu kabon. Waɗannan naitirojin su ne hannayen da yake riƙe ƙarfe da su, shi ya sa ake kiransa ligan, wato mariƙin ƙarfe. In aka tsara mariƙan da kyau, su da ƙarfen suna tattaruwa da kansu su gina keji, ko sarƙa, ko wani abu mai kama da igiyar da aka tufka. Wannan shi ne fannin haɗuwar ƙwayoyin sinadari ba tare da ɗauri na dindindin ba, wanda ya kawo wa Jean-Marie Lehn da Donald Cram da Charles Pedersen kyautar Nobel a 1987.

Kuskuren da ya fi arha a gyara shi ne na suna. Tirayazol iri biyu ne, gwargwadon wuraren da naitirojin ɗin suke zaune a zoben. Akwai 1,2,4, wanda yake cikin fulukonazol da ake sayarwa a kemis, akwai kuma 1,2,3, wanda ake samu ta hanyar kilik, wato haɗa sinadarai biyu, azayid mai jeren naitirojin uku da alkayin mai kabon biyu masu ɗauri uku a tsakaninsu, galibi da taimakon jan ƙarfe. Halinsu da ƙarfe ba ɗaya ba ne. Na 1,2,4 yana son ya zama gada tsakanin ƙarfe biyu ya yi doguwar sarƙa. Akwai wani sanannen haɗinsa da baƙin ƙarfe mai caji biyu, wanda yake ruwan hoda a zafin ɗaki, ya koma fari in zafi ya haura maki 100 kaɗan, kuma ba zai dawo launinsa ba sai ya sauko wajen 70. Duk wanda ya kwafo hanyar aikin wannan ya shafa wa ɗan'uwansa na 1,2,3, ya ɓata lokacinsa. Haka kuma cikin 1,2,3 ɗin kansa akwai 1,4 da 1,5, gwargwadon inda rassa biyun da ke manne da zoben suka zauna. Dafa azayid da alkayin da zafi kawai, irin aikin Rolf Huisgen na shekarun 1960, yana ba da gaurayen biyun. Jan ƙarfe, kamar yadda Morten Meldal a Denmak da kuma Barry Sharpless da Valery Fokin a Amurka suka nuna a 2002, yana ba da 1,4 zalla. Rutiniyam ne ke ba da 1,5. Kada ka rubuta 1,4 don kawai ka zuba jan ƙarfe a tukunya. Duba NMR na kabon: kabon zoben da ke ɗauke da haidirojin yana fitowa wajen 120 in 1,4 ne, wajen 133 in 1,5 ne.

Maganar azayid ba ta ɓata sakamako ba ce kawai, ta rai ce, don haka zan tsaya a kanta. Sodiyam azayid guba ne mai kisa. In ya gamu da asid yana sakin iskar da ke da guba kuma take fashewa. In ka narkar da shi ko ka dafa shi a cikin dayikuloromitan, yana iya zama dayazidomitan, wanda ya sha tarwatsa kwalabe a hannun ƙwararru. Ba a ɗibarsa da cokalin ƙarfe, sai na roba. Ba a zuba ragowarsa a magudanar ruwa, don yana haɗuwa da dalma ko jan ƙarfen bututu ya zama abin da ɗan bugu kaɗan zai tayar. Ga azayid da ka haɗa da kanka, akwai lissafin da aka saba bi: tara yawan kabon da oksijin, ka raba da yawan naitirojin. In amsar ba ta kai uku ba, kada ka busar da shi, kada ka tace shi ka ajiye a kwalba. Mafita mafi kyau ita ce a haɗa azayid ɗin a cikin tukunya ɗaya da alkayin, ya shige cikin haɗin nan take ba tare da an taɓa ware shi ba.

Sai jan ƙarfen. Mai caji ɗaya ne ke aikin, shi kuwa iska tana mayar da shi mai caji biyu cikin sauri. Shi ya sa ake zuba shuɗin gishirin nan na jan ƙarfe, wato salfet ɗinsa, tare da sodiyam askobet, ɗan'uwan bitamin C, a cikin ruwa da butanol. Askobet ɗin da aka narkar tun makon jiya, ya yi ruwan ƙasa a kwalba, ya riga ya mutu. A narkar da sabo ranar da za a yi aiki. In ka ga tukunya ta koma kore ko shuɗi tun haɗin bai ƙare ba, ƙara askobet ka rufe bakin, in ba haka ba alkayin ɗinka zai fara auren junansa ya bar azayid a zaune. Hanya mafi sauƙi ta sanin an gama ita ce awon IR, mai duba hasken da sinadari ke sha: layin azayid mai ƙarfi da ke wajen 2100 ya ɓace.

Yanzu in dawo kan hodata mai kore-kore, don a nan ne aka fi faɗawa. Ka tuna abin da kake ƙerawa mariƙin ƙarfe ne, kuma ƙarfen farko da ya gani a duniya shi ne jan ƙarfen da ya haife shi. In akwai firidin, wani zobe mai naitirojin ɗaya, kusa da zoben tirayazol ɗin, ya riƙe shi ke nan da hannu biyu. Wankin ruwa ba ya raba su. Sai ka narkar da abin, ka girgiza shi da ruwan EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, da amoniya a mazurarin rabewa. Ruwan wankin farko zai fito shuɗi shar. Ka sake, ka kuma sakewa, har ya fito garau, sannan ka ƙara ɗaya.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne irin binciken da muka fi yi a jami'o'inmu. Ɗalibi ya haɗa ligan, ya ɗaura ƙarfe, ya gwada su a kan ƙwayoyin cuta a faranti, ya auna faɗin da'irar da suka kashe. To jan ƙarfe da kansa yana kashe ƙwayoyin cuta. In ligan ɗinka yana ɗauke da shi, da'irar da kake murna da ita ta yiwu ba taka ba ce. Ka gwada ligan tsarkakakke shi kaɗai, ka gwada gishirin ƙarfen shi kaɗai, ka gwada DMSO ɗin da ka narkar da su shi kaɗai. Sai an ga waɗannan ukun kafin a ce haɗin ya yi wani abu.

Wani kuskuren yana faruwa ne tun a kan takarda. Naitirojin biyu na zoben 1,2,3 ne za su iya kama ƙarfe, na biyu da na uku, amma na uku ya fi wadatar lantarki, ya fi riƙo. In ka sa firidin a ɓangaren alkayin, ƙarfe zai kama ta na uku. In ka sa shi a ɓangaren azayid, ka tilasta masa kamawa ta na biyu, kuma irin wannan haɗin ya fi saurin saki. Ba laifi ba ne a yi na biyun, amma a yi shi da sani. Masu aiki da rutiniyam kuma su naɗe kwalba da takardar alminiyam, don ƙungiyar Paul Elliott a Jami'ar Huddersfield ta Ingila ta nuna cewa haske kan sa wasu haɗe-haɗensa su tofar da tirayazol ɗinsu.

Gishirin da ka zaɓa ma yana da bakin magana. Mai son gina keji da faladiyam ba ya farawa da gishirin kulorayid, don kulorayid zai zauna a kujerar da ka tanadar wa ligan. Ana amfani da wanda ke ɗauke da asitonaitiril huɗu da BF4, masu tashi su ba da wuri. Ƙungiyar James Crowley a Jami'ar Otago ta New Zealand, wadda ta yi fice a kan mariƙan kilik, ta gina wani keji na faladiyam biyu da ligan huɗu masu firidin a 2012, ya ɗauki ƙwayoyi biyu na maganin ciwon daji, sisfilatin, a cikinsa, kuma da kulorayid suka wargaza shi da gangan don ya saki kayan. Abin da suka yi da niyya, ɗalibi yakan yi wa kansa bisa kuskure da ɗigon ruwan gishiri a wajen wanki. Gishirin fakuloret kuwa, ko ka gan shi a tsofaffin takardu, bar shi. Yana fashewa in ya bushe.

Yanayinmu ma sai an yi lissafi da shi. Ruwan narkarwar nan da ake kira ita (ether) yana tafasa a maki 35, dayikuloromitan a 40, zafin Kano ko Maraɗi a watan Afrilu ke nan. Wanda ya bar kwalbar renon kiristal a kan tebur da rana, da yamma hoda zai tarar. Ya nemi kusurwa mafi sanyi, ya sa kwalbar cikin wata kwalbar, ya daina ɗagawa yana leƙawa. Da damina kuma DMSO yana shan raɓar iska, layin ruwa ya kumbura a 3.3 a NMR.

Wannan ruwan yana da illa ta musamman ga masu auna yadda tirayazol ke kama kulorayid ta haidirojin ɗin da ke jikin kabonsa, hanyar da Amar Flood na Jami'ar Indiyana ya fito da ƙarfinta a 2008 da wani babban zobe mai tirayazol huɗu. Ruwa yana gasa da kai wajen kama kulorayid ɗin, gishirin da ake ɗigawa ma mai shan raɓa ne, sai a busar da shi a auna da sauri.

Na bar wanda zai fi yi wa wasu zafi a ƙarshe. Hanyar Job, wadda Paul Job ya kawo a 1928, wato a gauraya ƙarfe da ligan a kaso daban-daban, a zana sakamakon a duba ƙololuwarsa, tana cikin kundin digiri da yawa a matsayin hujjar cewa ƙarfe ɗaya ya kama ligan biyu. Tana iya yin daidai in abu ɗaya tak ke samuwa a ruwan. In akwai na ɗaya-da-ɗaya tare da na ɗaya-da-biyu, ƙololuwar zanen takan faɗa inda za ta yaudare ka, kuma a 2016 Pall Thordarson na Sidni da wasu masana sun nuna hakan a fili. Gyaran shi ne a riƙa ɗiga ɗayan a kan ɗayan a hankali, a ɗauki awo da yawa, a gwada sakamakon da kowane tsari da ake zato, a ga wanda ya fi dacewa. Akwai manhajar BindFit kyauta a intanet don wannan. A maimaita gwajin sau uku. In kuma abin da ke hannunka IR ne da ma'aunin narkewa da ma'aunin maganaɗisu kawai, rubuta cewa ga siffar da kake kyautata zato, ka aika samfurin inda ake da na'urar auna nauyin ƙwaya ko ta haskon kiristal, ka jira amsa kafin ka zana keji a babi na huɗu.