Yadda ake kafa wa yara lambun kayan miya a Zango, ko da babu fili

A Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango na Kumasi a Ghana, wanda ya ce sai ya samu fili kafin ya yi wa yara lambu zai daɗe yana jira. Buhu ma ya wadatar. A nemi gefen katangar makaranta ko bayan masallaci inda rana ke bugawa awa biyar zuwa shida, a nemi izinin malam ko maigidan wurin, a kuma sanar da iyaye, domin yaro zai koma gida da taɓo a riga.

Kafin a sayi iri ko ɗaya, a yi shinge. Awakin unguwa ba ruwansu da wahalar kowa, aikin wata guda sai su lashe shi kafin azahar. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sun isa.

Sai ƙasa. A samo buhunan shinkafa, a huda gindinsu don ruwa ya riƙa fita, a cika da baƙar ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Kashin kaji ba ya wuya a kewayen Kumasi, amma sai ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ƙona tsiro yake. Kada a ɗebo ƙasar bola, akwai fasasshen kwalba da tsohon batir a ciki.

Wajen zaɓen iri ne mutane suka fi kuskurewa. Tumatir da kabeji suna da daɗewa ga tsutsa, yaro kuwa ba ya haƙurin wata uku. A fara da alefu, wato alayyafo, wanda ake yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi a barbaɗa. Ayoyo, wato lalo, kuma yana da taurin fitowa: a ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a shanya, sannan a shuka. Wannan babba ne zai yi, yara su tsaya su gani. Kuɓewa ƙwaya biyu a rami, ta kai wata biyu ta fara 'ya'ya. Lungun da inuwa ta fi yawa a bar wa gwaza, ganyenta ne kontomire.

Kowane yaro da buhunsa, da sunansa a jiki. Buhun kowa da kowa ba mai ba shi ruwa.

Damina biyu ce a Kumasi, daga Maris zuwa Yuli, sai Satumba zuwa Nuwamba, don haka a fara da saukar ruwa. In an shiga rani, a ajiye baho a wurin alwala, a juye a galan Kufuor, wato jarkar roba ta ɗiban ruwa, a yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan kwata da na rafin Aboabo kam a'a. In ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. Maganin feshi na shago ba na hannun yara ba ne.

Ranar yanka ganye kada a raba a salami kowa. A kira iyaye mata biyu ko uku a ɗora tukunya a wurin, tuwon zafi da miyar ayoyo, yara su tsinke ganyen su wanke da kansu. A rage kanwa, kada kuma a bar ganyen ya daɗe a wuta. Nan ne za a ce musu ganye na ƙara jini da ƙarfin ido, ba sai an yi dogon wa'azi ba. A gayyato wani dattijo da ya ga zamanin Operation Feed Yourself, shirin noman abinci na shugaban ƙasa Acheampong a 1972, ya ba su labarin yadda aka riƙa noma har a bayan gida.

Shukar Oktoba za ta iso Ranar Manoma, Juma'ar farko ta Disamba. A bar tushe biyu na alefu su yi iri, a kuma fitar da wanda zai riƙa ban ruwa lokacin hutu tun kafin a tashi makaranta.