Yadda za ka yi wa ma'aikacinka koci ba tare da ka koma mai wa'azi ba

In kai oga ne a wajen aiki, ko da mutum uku ne kacal a ƙarƙashinka, abu na farko da za ka koya a harkar koci, wato taimaka wa ma'aikacinka ya nemo mafita da kansa ta hanyar yi masa tambayoyi, shi ne kame bakinka. Kuma wallahi shi ne mai wuyar, don an ba ka kujerar ne saboda ka iya warware matsala, sai ga yaronka ya shigo da tasa kuma a ce kar ka yi saurin ba shi amsa.

Asalin abin daga filin wasa ya fito. Wani mai koyar da tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya lura in ya cika wa ɗalibi kunne da ɗaga hannu, gyara ƙafa, wasan sai ya ƙara rikicewa, amma in ya ce masa ya zuba wa ƙwallon ido kawai sai ka ga jiki na gyara kansa. Ya rubuta wannan a 1974. Daga baya John Whitmore, ɗan Ingila kuma tsohon direban tseren mota, ya kai tunanin cikin kamfanoni, littafinsa na 1992 ne ya yaɗa tsarin zaman nan da ake kira GROW. Tambayoyi huɗu ne dai: ina ka dosa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi gare ka, me za ka yi kuma yaushe.

Kafin komai ka raba zaman nan da zaman tantance aiki na ƙarshen shekara. Mutum in ya san maganarsa za ta taɓa ƙarin girma ko alawus ɗinsa to ba gaskiyar za ka ji ba. Ka ware kamar minti 40, ka kife waya, ka taso daga bayan ƙaton teburin nan ku zauna kusa da juna, ka faɗa masa ƙarara abin da zai tsaya tsakaninku da abin da dole ka kai sama.

Sai mataki na farko, buri. A ce akawunka ne kullum rahoton wata sai ya makara. Ka tambaye shi me yake so ya fita da shi daga zaman nan, zai ce maka yana so ya inganta aikinsa, toh wannan ai ba buri ba ne, fata ne. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru tun wajen ƙarshen 1960 suna gwada wannan, abin da suka yi ta gani shi ne buri takamaimai mai ɗan wahala ya fi "ka yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki nesa ba kusa ba. Don haka ku tsaya sai maganar ta koma wani abu kamar rahoto ya iso kafin 5 ga wata, wata uku a jere.

Amma fa daga bakinsa za ta fito. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun nuna cewa ƙwazon da ke ɗorewa yana buƙatar mutum ya ji da zaɓinsa a ciki, ya ji ya iya, ya kuma ji yana da mutane. A nan ne mu namu ofisoshin ake samun cikas, don da ka ce me kake gani sai ka ji "duk yadda ka ce ranka ya daɗe", kai a ya sunkuya, an gama. Ladabi ne, ba rashin tunani ba. Abin da ke taimakawa shi ne ka tura masa tambayar ta WhatsApp tun jajibiri ya zo da amsarsa a rubuce, kuma in ka yi tambaya ya yi shiru kar ka cike gurbin, ka bar shirun ya yi aikinsa ko da kai ma ya dame ka.

Mataki na biyu, wato ina yake yanzu, a nan ogogi ke ɓata rawarsu da tsalle. Kar ka fara da "me ya sa", kalmar nan da an ji ta sai a fara kare kai, sai NEPA, sai network, sai wane bai kawo ba. Ka ce masa a wane mataki aikin ke tsayawa, wa kake jira, ran nawa ga wata rasit ɗin ke zuwa hannunka. Sannan ka maimaita masa abin da ka ji: wato kana nufin sai ƙarshen wata 'yan sito ke zubo maka takardu gaba ɗaya? Irin wannan sauraron daga Carl Rogers aka gaje shi, wanda tun 1957 ya ce mutum ya fi canzawa a gaban wanda ke fahimtarsa ba tare da yanke masa hukunci ba.

Kuma ka yi hattara da "bari in gaya maka gaskiya". A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan sakamakon gwaji kan faɗa wa mutum yadda aikinsa yake, a dunƙule yana taimakawa, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku aikin baya ya ci. Dalilin da suka kawo shi ne in maganar ta koma kan mutumin kansa, kai rago ne, kai ba ka da tsari, hankalinsa sai ya bar aikin ya koma kare mutuncinsa. Ka yi magana kan rahoton, ka ƙyale halinsa.

Na uku hanyoyi. Tambayar da na fi so ita ce wane wata ne rahoton ya fita kan lokaci, me ya bambanta shi da sauran? Anthony Grant, wanda ya kafa sashen nazarin wannan fanni a Jami'ar Sydney a 2000, ya gwada tambayoyin da ke haƙar matsala da waɗanda ke neman mafita, ya ga na biyun sun fi ɗaga wa mutum yarda da kansa da yanayin zuciyarsa. In ya kawo hanya ɗaya ka ce sai me kuma, ya sake kawowa ka sake cewa sai me kuma. Taka shawarar ta zo ƙarshe, don in ta riga fita babu wanda zai sake tofa tasa.

Na huɗu kar ku tashi da "in sha Allahu zan gyara" shi kaɗai, a haɗa masa da rana da lokaci. Peter Gollwitzer ya yi suna kan wannan, tsarin in kaza ya faru zan yi kaza, kuma a 2006 shi da Paschal Sheeran sun haɗa gwaji 94 sun ga yana ƙara cika alkawari sosai. Misali: duk Alhamis da an idar da azahar zan sauka sito in karɓi rasit ɗin satin. Ku sa ranar sake zama nan take.

Shin yana aiki kuwa? Tim Theeboom da abokansa a Amsterdam sun haɗa nazari 18 a 2014, Rebecca Jones da nata suka haɗa 17 a 2016, duka sun ga amfani, matsakaici dai, ba irin ribar ninkin-ba-ninkin da masu tallar semina ke zuzutawa ba. Yawan zama bai zama ma'auni ba, kuma su Jones sun ga kocin cikin gida ya ma fi na waje tasiri, haɗawa da waya ko intanet bai rage komai ba. Sai dai nazarin ba su da yawa kuma akasari a ƙasashen Turawa aka yi su, saboda haka ka gwada kana lura da mutanenka.

Ba ko'ina ake yinsa ba kuma. Sabon ɗauka da bai san aikin ba koya masa za ka yi, kar ka tsare shi da tambayoyi. Wanda ka ga ya rame, ba ya barci, ya janye daga mutane, likita yake buƙata ba kai ba. Wanda kuma wata biyu bai ga albashi ba, ka je ka fara kwanto masa kuɗinsa tukuna.