Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen bindigar da za ta yi ƙarko a Legas

A majalisun Agege, Idi-Araba da Obalende, inda tsofaffin sojoji da masu gadi suke shan shayi, gardama ɗaya ba ta ƙarewa: tsakanin Glock da Beretta wace ce ta fi ƙarko? Dukkansu ƙananan bindigogi ne da suka yi suna. Glock 17 ƙirar Ostiriya ce ta farkon shekarun 1980, gangar jikinta roba ce mai tauri, kayan cikinta kaɗan ne. Beretta 92 kuwa ta Italiya ce, ita sojojin Amurka suka ɗauka a 1985. Amma ga farar hula a Najeriya wannan gardama ta fatar baki ce kawai, kuma a nan kuskuren farko yake.

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Fistol da libarba suna kashin farko, na haramtattu, tare da bindigogin yaƙi, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai karyewa (wadda ake lanƙwasawa a tsakiya don sa harsashi), mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska; lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne na adaka da sauran masu ɗuri ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Duk wanda ya ce zai samo maka fistol "da takardunta" a bayan kasuwa, ɗauri yake sayar maka, don hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi yana farawa ne daga shekara 10. Jami'in da gwamnati ta ba fistol kuma ba zaɓa yake yi ba, abin da ma'ajiyar makamai ta miƙa masa shi zai sa hannu ya karɓa. Su ma kamfanonin gadi masu zaman kansu, dokarsu ta 1986 ta hana su riƙe bindiga.

Akwai wadda ake yawan ruɗewa a kanta, wato wadda ake jan marikinta baya da gaba ta ɗura harsashi da kanta. Mutane na ɗauka tunda harsashin farauta take ci, ai ta farauta ce. Dokar ta fitar da duk mai na'urar ɗuri daga kashi na biyu. Irinta ce guda 661 da kwastam suka kama a Legas a watan Janairun 2017.

Saboda haka zaɓin gaskiya ga manomi ko mafarauci mai lasisi yana tsakanin bindigogi biyu masu karyewa ne, kuma yawanci waɗanda wani ya riga ya yi amfani da su. Kafin a taɓa ƙarfe a duba takarda: lambar da aka buga a jikin bindigar ta yi daidai da ta lasisin, harafi da harafi. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa ta kashe ciniki nan take. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba a gadonsa, ba a aronsa. Bindigar marigayi Baba da ke ƙarƙashin gado, takardarta ta mutu tare da shi, sai magada su kai wa 'yan sanda rahoto.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne zaɓe da ido. Ana kallon sheƙin katako da zanen da aka yi wa ƙarfe, ana tambayar sunan kamfani, alhali inda bindiga mai karyewa take tsufa shi ne mahaɗarta. Kowane harbi yana tura bututu gaba yana dukan ƙusar da take juyawa a kai, a hankali har gurbin ya buɗe. Ga yadda ake ganewa. A tabbatar ba harsashi a ciki. A cire katakon gaba, domin shi ne yake ɓoye sako-sako. A rufe bindigar, a riƙe ta a ƙota, a girgiza gefe da gefe. In an ji ƙas-ƙas, ta saki. Sai a ɗaga ta a saitin haske a duba tsakanin gindin bututu da fuskar da yake rufuwa a kai. Bai kamata haske ya ratsa ba. A kuma kalli mabuɗin sama bayan an rufe. A yawancin bindigogi, in yana karkace ɗan dama to da sauran rai a sakatar, in ya tsaya tsakiya ta fara cinyewa, in ya wuce hagu ta gaji. Tsakanin kyakkyawa mai girgiɗi da mummuna mai rufuwa gam, mummunar za a ɗauka.

Daga nan sai bututu. A goge cikinsa tukuna, don dillali mai wayo yakan shafa mai da yawa ya rufe ramukan tsatsa. A leƙa ta kowane ɓangare a gaban farin bango. Zoben inuwa a ciki alama ce ta kumburi, wato an taɓa harba ta da wani abu toshe a ciki. A bi bayan bututun da yatsu a ji ko akwai lotsawa. In mai baki biyu ce, a cire bututun a rataye su da zare ko a kan yatsa, a ƙwanƙwasa da bayan farce. Mai lafiya tana ƙara kamar ƙararrawa. In ta yi dum, dalmar da ta haɗa bututun biyu ta fara saki, ruwa ya shiga tsakani, tsatsa na ci daga inda ido ba ya kaiwa. A Legas wannan cuta ba ta da wuyar samu.

Wasu suna ganin baki biyu dole ya fi baki ɗaya. In ƙarko ake nema, lissafin ba haka yake ba: duk abin da aka ƙara wa bindiga, an ƙara abin da zai lalace. Mai baki ɗaya irin Baikal IZh-18, wadda ake ƙerawa a Izhevsk ta Rasha, allura ɗaya gare ta (ƙarfen da ke bugun gindin harsashi) da kunama ɗaya, shi ya sa take jure wahala. In kuwa sai mai baki biyu, to mai kunama biyu ta fi mai kunama ɗaya aminci, saboda kowace kunama da nata ɓangaren. In ɗaya ya mutu ɗayan na aiki. Haka kuma wadda take ɗago kwanso kawai ka cire da hannu ta fi wadda take cilla shi waje daɗewa, don mai cillawar tana da ƙarin sifirin da ƙananan ƙarafa masu son saiti. Cikin bututun da aka yi wa rufin kurom yana jinkirta tsatsa ƙwarai, kuma a garin da ke bakin teku wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin bindigogi biyu.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in allura ta karye, ina za a sami wata? Bindigar da ta yi yawa a ƙasa tana da kayan gyara da wanda ya san cikinta. Wadda babu irinta kuwa, sifirin ɗaya zai mai da ita sanda. A nan ne mutane ke kai ta wurin mai walda ko maƙeri. Doka ta hana gyaran bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko wurin wanda ke da izini, kuma ko ba doka, wutar walda tana kashe taurin ƙarfe tana narkar da dalma. Kunamar da aka goga da zarto don ta yi laushi ita ce take tashi da kanta ran da bindigar ta faɗi.

Harsashi ma yana da nasa tarkon. Lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu) da aka fi amfani da ita tana da mazaunin harsashi iri-iri: milimita 65, 70 da 76, kuma ana buga tsawon a jikin bututu, galibi a ƙasansa kusa da tambarin gwaji. Tsawon da aka rubuta a kwalin harsashi na kwanson ne bayan ya buɗe. Don haka harsashi mai 76 zai shige mazauni mai 70 lafiya lau, bindigar ta rufu, amma in an harba bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya hau. Ko bai fasa ta ranar ba, yana sassauta mahaɗa. Mafi muni shi ne haɗa lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin, wato lamba 20, yana zarcewa cikin bututu ya maƙale, mai bindiga ya ga wuri fayau ya sa babban a bayansa, bututu ya tarwatse daidai inda hannun hagu yake. Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma kuma yana kumbura bakin tsohuwar bindiga mai matsattsen baki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon wuri mara haɗari na daƙiƙa 30 kafin a karya ta. In ƙarar ta fito da rauni, a leƙa bututu kafin a sake ɗurawa.

Sauran kurakuran duk na ajiya ne, kuma su suka fi kashe bindiga a wannan gari. Da damina laimar iska a Legas takan wuce kashi 80 cikin ɗari, ga gishirin teku ga mazauna Apapa, Ajah da Badagry. Abin da mutum ya saba yi a Kano ko Katsina, ya jingine ta bayan ƙofa wata shida, a nan mako biyu ya isa shatin yatsa ya zama jan tabo. Jakar bindiga mai soso ta tafiya ce, ba ta ajiya ba, domin soso yana riƙe laima. Cusa tsumma a baki shi ma haka, ga haɗarin a manta da shi a harba. Amma a riƙa leƙawa, don zanzaro yana son gina ɗakin laka a bututun da aka bari. Fito da bindiga daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa waje yana sa ta gumi ciki da bai. A bari ta ɗumama sannan a goge.

Bayan kowane harbi a bi bututu da buroshi da man wanki, a bi da busasshen ƙyalle har ya fito fari, sannan a shafa man bindiga shafe ɗaya. Ko ba a harba ba, da damina a goge ta duk mako biyu. Ɗigon giris kamar ƙwayar gero ya ishi ƙusar mahaɗa, kuma a share tsohon kafin a sa sabo, don giris da yashi sun zama magogi. Baƙin mai, man ja da man gyaɗa ba nata ba ne: na farko cike yake da dattin inji, sauran biyun suna daskarewa su kama allura. Yawan mai ma ɓarna ne. In an jingine ta baki sama, man yana gangarowa ya jiƙe katakon ƙota, ya yi baƙi ya yi laushi, wata rana ya tsage a wuya. A ajiye ta baki ƙasa, ba harsashi a ciki, a akwatin ƙarfe mai makulli da ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse laima. Harsasai kuma a wani akwatin daban mai murfin roba, da nasa makullin, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo, musamman masu kwanson takarda, waɗanda damina ɗaya take kumbura su har su ƙi shiga.