Yadda ake cin bikin baza na makarantar coci a Jos

Shekara takwas ke nan ina toya masa a rumfar Zumuntar Mata ranar bikin baza, wato bikin godiya da gwanjo don tara kuɗi, na makarantar cocinmu ta Katolika. Saboda haka daga bakin tanda nake muku magana, musamman ku iyayen da bana ne zuwanku na fari.

Mu a ƙarshen Nuwamba muke yin namu, lokacin da hunturu ya fara kaɗawa. Da safe rawar ɗari, da azahar rana ta gasa mutum. A ɗora wa yara rigar sanyi a kan kayan ado, a shafa musu man kaɗanya a leɓe da ƙafa. Kada a ɗauko ƙatuwar jaka, don akwai bincike a bakin ƙofa, kuma duk ɗan Jos ya san dalili.

Ku sami sujadar godiya tun daga farkonta. Nan ne iyalai ke takowa da rawa zuwa gaban bagade, wannan da doya, wancan da buhun dankalin turawa, ga acca, ga kabeji, ga zakara, wani ma akuya yake ja tana turjewa. Fada, wato limamin cocin, ya sa musu albarka. Kayan nan ne za a fito da su gwanjo, don haka mai wayo tun a coci yake zaɓen abin da zai nema.

Ku zo da canji, 'yan naira 100 da 200. In fili ya cika, tura kuɗi ta waya sai ya maƙale, ni kuwa ba zan bar masa ta ƙone ina jiran saƙon banki ba. Kowane yaro a danƙa masa nasa kuɗin a hannu, a gaya masa in ya ƙare ya ƙare.

To, sai gwanjo, inda ake shiga uku. Nan ba kasuwar Farin Gada ba ce, ba a neman ragi. Zakara ɗaya yakan tashi a kuɗin zakara biyar, kowa ya sani, kowa ya yarda, tunda kuɗin rufin aji ne da bencina da karatun marayu. Amma mai gwanjo ya iya zuga. Zai kira sunanka a lasifika, ya yi maka kirari, ya ce ashe wane zai kayar da kai a gaban iyalinka? Wata shekara haka aka zuga maigidana a kan ƙullin doya uku. Ya ɗaga hannu har sau huɗu ina harararsa daga rumfa, katikis, mai taimaka wa Fada, ya rubuta sunansa a littafin alkawari, muka yi wata uku muna biya. Tun daga gida ku yanke iyakarku. In akuya kuke so, iyayen aji ɗaya su haɗa kuɗi su saya tare, a yi farfesunta ranar rufe makaranta. Ya fi daɗi, kuma ba wanda zai kwana da ciwon kai.

Bayan gwanjo yara ke karɓe fili: tseren buhu, ƙwai a cokali, jan igiya tsakanin malamai da iyaye. Kada ku tashi kafin rawar gargajiya. In 'yan aji shida suka fito da sarewar asharuwa ta Afizere, ko aka buga kundung, abin kiɗan Berom, har tsofaffi sai sun ajiye sanda.

Ku gayyaci maƙwabta. Maƙwabciyata Musulma ce, duk babbar Sallah sai ta aiko min da nama, ni ma duk baza ina zuwa da ita da 'ya'yanta. Nakan nuna mata rumfar mai tsiren da ta san yankansa, sauran kuwa masa da kunun gyaɗa da gwaten acca ba sai an tambaya ba.

Abin da na fi so ku ji shi ne, ku karɓi aiki, ko na awa ɗaya. Yanka tikiti, ɗiban ruwa, tsaron yara a wurin lilo. Wanda ya zauna a inuwa tun safe shi ne ke cewa bikin bana bai yi armashi ba. Ni rabin matan da na sani a cocin nan, wajen wanke kwano muka saba.

Masu ƙananan yara su kama hanya kafin magariba, don keke napep kan yi wuya a lokacin. Wanda ya tsaya shara da kwashe kujeru ya biyo ta rumfarmu, nakan rage ƙullu na tanda biyu saboda su.